Tarihin 'Yan Ganga Da Begila Na Garin Garfield

Kowane ɗan makaranta da ya taɓa zama kusa da bariki ya san muryar begila. Ita ke ta da soja da asuba, ita ke kiransu wajen abinci, ita kuma ke gaya musu lokacin kashe fitila ya yi. Yaran makarantun mishan kuwa sun san ta ta wata hanya dabam, gama ƙungiyar Boys' Brigade, wadda William Alexander Smith ya kafa a birnin Gilasgo cikin 1883, ta iso Ikko tun 1908. Shi Smith malamin makarantar Lahadi ne, kuma hafsa ne cikin sojan sa kai. Ya ga manyan mutane suna bin muryarsa a filin fareti ba gardama, amma 'yan yara sun gagare shi cikin aji, sai ya ce bari ya gwada musu rawar soja ya gani.

Wannan dabara ta yi wa yaro tarbiyya da ganga da maci ba inda ta bunƙasa kamar ƙasar Amurka. Can har ta zama wani fanni mai zaman kansa, da alƙalansa, da dokokinsa, da gasarsa ta shekara-shekara. Yau muna so mu ba ku tarihin ƙungiya guda daga cikin irin waɗannan, wadda a ke kira Cadets, watau 'yan makarantar hafsoshi. Mun zaɓe ta ne don ta yi shekara 90 ba kaɗan a duniya, ta kuwa hau inda ba a hawa sai da wuya. Labarinta kuma ya riga ya ƙare, sabo da haka ana iya dubansa tun daga kai har wutsiya.

Da aka gama Yaƙin Duniya na Farko cikin 1918, sojan Amurka suka koma gida. Cikin 1919 suka kafa jam'iyyar 'yan mazan jiya da a ke kira American Legion, ga kuma wata da ta girme ta, ta waɗanda suka yi yaƙi a ƙetaren teku, wadda a ke taƙaita sunanta da VFW. Kusan kowane gari yana da reshe, kowane reshe kuwa yana so ran bukin tunawa da waɗanda suka mutu wurin yaƙi a ga nasa 'yan badujala a gaba. Da fari tsofaffin sojan su ke kiɗa da busa da kansu. Da 'ya'yansu suka tasa sai aka shiga kafa ƙungiyoyin yara, coci-coci da 'yan sikawut su ma suka ɗauka. 'Yan sikawut na garin Racine, alal misali, sun kafa tasu tun 1927.

Garfield ƙaramin gari ne cikin jihar Niyu Jazi, a bakin kogin Passaic, bai kai mil 20 daga birnin Niyok ba. Garin masaƙu ne. Galibin mutanensa baƙi ne da suka ƙetaro teku daga Folan da Italiya da sauran ƙasashen Turai, suna aikin ulu, miji da mata, wani da rana wani da dare. Cikin 1926 ma'aikatan masaƙun wannan yanki, mutum wajen 15,000, suka yi yajin aiki na fiye da shekara guda, sabo da an rage musu ushirin ladansu. Ba su gama farfaɗowa ba sai ga karyewar ciniki ta 1929, wadda ta girgiza duniya duka. Zuwa 1933, cikin kowane ma'aikaci huɗu na Amurka ɗaya yana zaune ba aiki. To, ku duba halin yaron da ya tashi a wannan gari cikin wannan zamani. Uba yana gida hannu rabbana, ko kuwa yana can masaƙa har dare. Gona babu, balle a ce yaro ya tafi ya taya noma. In an tashi daga makaranta, sai titi.

Cikin 1934 wani limamin cocin Katolika na garin, Fada Edwin Garrity, da waɗansu mutum biyu, Charles Mura da Michael Koeph, suka tara yaran unguwa suka ba su ganguna da begiloli. Sunan cocin Holy Name, watau Suna Mai Tsarki, don haka aka kira ƙungiyar Holy Name Cadets. Daga baya aka ɗinka musu tufafi irin na 'yan makarantar hafsoshi ta West Point: riga ja mai duhu, kamar launin zoɓo, da ɗamara ruwan zinariya, da farin wando, da doguwar hula mai gashin tsuntsu. Tufafin nan da kayan kiɗa duk na coci ne. Ku riƙe wannan a zuci, za mu komo kansa.

Begila ta asali ba ta da rami ko maɓalli ko ɗaya. Bututun tagulla ne kurum aka naɗe, in kun so ku ce kakaki ne da aka lanƙwasa don ya yi daɗin ɗauka. Mai busa da leɓensa da numfashinsa ya ke canja murya, muryoyin kuwa ba su wuce biyar ko shida ba. Don haka ta dace da yaran talakawa: ga araha, ga ƙarko, kuma yaron da bai taɓa ganin rubutun kiɗa ba yana iya koyonta da kunne. Cikin shekarun 1930 aka yarda a sa mata maɓalli guda don muryoyinta su ƙaru. Aka yi ta ƙari a hankali, har cikin 1990 aka kai maɓalli uku, sa'an nan daga shekarar 2000 aka bar ƙungiyoyi su riƙa busa ƙahonin tagulla irin na sauran badujala. Sunan begila dai ya zauna, ko da ya ke ita kanta ta tafi.

Tun da tsofaffin soja ke da gasar, awon soja aka ɗora wa yara. Kafin a shiga fili sai su jeru, alƙali ya bi su ɗaya ɗaya yana duba maɓallin riga, da ƙurar takalmi, da gashin da ya taɓa wuyan riga, da dauɗa a jikin begila. In an shiga fili, ga waɗansu alƙalai suna bin sahu da takarda da fensir. Kowane kuskure, ko ƙafar da ta riga sauran sauka, ko sandar ganga da ta makara, a cire ushirin maki. Har taku ma an ƙayyade shi, 128 zuwa 132 cikin minti. Dole a shigo ta wannan ƙarshen fili a fita ta wancan, dole kuma a girmama tutar ƙasa a tsakani. Da harbin bindiga a ke ba da alamar lokaci.

Mu malamai mun san amfanin irin wannan awo, mun kuma san iyakarsa. Yana koya wa yaro cewa ƙaramin abu ma abu ne, kuma sakacin mutum ɗaya jama'a duka ke biyansa. Yaron da bai goge takalminsa ba abokansa ke riƙe shi tun kafin malami ya gani. Amma awon da ba ya ƙirga kome sai kuskure yakan haifi yaro mai tsoron taɓa abu mai wuya, gama wanda ya busa mai sauƙi ba tuntuɓe ya fi wanda ya busa mai wuya da tuntuɓe biyu. Sai cikin 1984 aka bar wannan hanya, aka koma ba da maki bisa ga wuyar abin da aka yi da kuma kyaunsa.

Yaran Garfield ba su daɗe ba suka yi suna. Shekara 6 da kafa su, cikin 1940, suka tafi birnin Bostan suka cinye gasar ƙasa duka ta American Legion. Bayan Yaƙi na Biyu suka sake ci, shekara uku a jere, 1948 da 1949 da 1950. Ta 1950 ɗin a Los Anjelis aka yi ta, can bakin tekun yamma, tafiyar mil wajen 2,800 daga gida, sai da suka yi mako uku kafin su komo. Ku tuna 'ya'yan ma'aikatan masaƙa ne, waɗanda iyayensu galibi tun da suka sauka daga jirgin ruwa ba su yi nisa da bakin tekun gabas ba.

Wannan yawan tafiya shi ya jawo rigimar 1958. A shekarar nan hukumar coci ta ce ba ta ƙara ɗaukar nauyin tafiye-tafiye, ta rushe ƙungiyar, ta riƙe tufafi da kayan kiɗa, tun da nata ne. Ba mu ga ya kamata a yi saurin ɗora wa coci laifi ba. An kafa abu don yaran unguwa su sami abin yi kusa da gida, ga shi ya zama mai cin kuɗin mota da na masauki a garuruwa masu nisa, kuɗin coci kuwa kuɗin talakawan unguwa ne. Mai riƙe da asusu yana da hujjarsa.

Amma yaran da malamansu suka ce ba su watse ba. Gasar shekarar a Shikago za a yi ta. Suka sake haɗa kansu da sunan garinsu, kowa ya nemi kuɗin motarsa, suka tafi. Tufar da suka samu ita ce gajeren wando fari, da jar taguwa, da malafa irin ta sojan Ostareliya. Kayan kiɗa kuwa aro suka yi, wurin wa? Wurin Cavaliers na Shikago, ƙungiyar da wani saurayi shugaban 'yan sikawut, Don Warren, ya kafa cikin 1948, waɗanda su ma gasar nan suka shiga, kuma kambin nan guda su ke nema. Aka yi gasa, yaran Garfield suka zo na biyu, masu ba su aron suna biye da su.

A ganinmu wannan rana ta fi kowace rana daraja cikin tarihin Cadets, ko da ya ke ba su zo na ɗaya ba. Yaron da aka tilasta wa horo, ran da aka ce an sallame shi murna ya ke yi, ya jefar da sanda ya ruga. Waɗannan an sallame su sun ƙi tafiya. Ashe cikin shekara 24 horon ya tashi daga hannun Fada ya koma nasu. Haka kuma abin da Cavaliers suka yi ya nuna irin tarbiyyar da a ke samu cikin wannan fage a lokacin: ka ba abokin karawarka makamin da zai kā da kai da shi, don ba ka so ka ci nasara a kan wanda aka ɗaure wa hannu. Cikin 1959 coci ta huce ta bar su su sa tsohuwar tufarsu, amma daga nan ƙungiya ta zama mai cin gashin kanta, ana kiranta Garfield Cadets. Ta sake cin gasar Legion a farkon shekarun 1960, ta ƙarshe cikin 1964.

Daga nan tauraronta ya dushe na ɗan lokaci. Cikin 1969 aka fara karɓar 'yan mata. Cikin 1971, ana tsakiyar yaƙin Biyetnam, suka shirya wasa mai nufin kada a ƙara yaƙi, suka jeru a fili cikin siffar alamar zaman lafiya, wadda masu ƙin yaƙin ke ɗauka, suka kuwa kai wannan wasa gaban tsofaffin sojan VFW a birnin Dalas. Ana ba da labari cewa da manyan jam'iyyar suka ɓata fuska, sai aka ce musu ai tambarin motar Mercedes ne.

Rigimar ta fi ta alama guda. Masu ƙungiyoyi sun gaji da dokokin 'yan mazan jiya, waɗanda ba su sakewa, sun kuma gaji da ganin 'yan kallo sun cika fili sun biya kuɗi, amma abin da a ke ba yaran da suka yi wasan bai isa man mota ba. Cikin 1971 ƙungiyoyi biyar na gabas, har da Garfield, suka haɗa kai, waɗansu biyar na tsakiya da yamma su ma suka yi haka. Daga baya suka taru da waɗansu uku, su 13, suka kafa hukumarsu ta kansu, Drum Corps International, wadda a ke kira DCI. Gasarta ta fari an yi ta cikin 1972 a garin Whitewater, ƙungiya 39 suka shiga, 12 a ke ɗauka zuwa daren ƙarshe. Garfield ta zo ta 13.

Sai da aka shiga shekarun 1980 ta farfaɗo, ta kuwa farfaɗo da ƙarfi. Wani mai tsara maci, George Zingali, ya zo musu da sabuwar dabara. Dā abin da hannun dama na fili ya yi shi hannun hagu ke yi, kamar mutum da inuwarsa cikin madubi. Zingali ya watsar da wannan, ya sa sahu yana lanƙwasa yana malala kamar ruwa, yara suna gudu da baya suna busa. An fi tuna shi da wata siffa mai kamar harafin Z, wadda a ke ja tana miƙewa har ta warware. Ga kiɗa kuma suka bar waƙoƙin fareti suka ɗauko na manyan mawallafan kiɗa na ƙasarsu, Leonard Bernstein da Aaron Copland. Suka ci gasar DCI cikin 1983 a Mayami, su ne na fari daga gabas da suka taɓa ci, suka ƙara cikin 1984 da 1985, ba wanda ya taɓa yin uku a jere kafinsu. Suka ci cikin 1987, 1990, 1993, 1998, 2000, 2005 da 2011, sau 10 ke nan. Cikin 2005 maki 99.15 suka samu cikin 100. Sun yi wasa a bukin Olamfik na Atlanta cikin 1996, sun kuma yi maci a Washintan ran da aka naɗa Barack Obama cikin Janairu 2009.

Yanzu bari mu bar lissafin kambi mu duba abin da a ke koyarwa, gama masu wannan aiki kullum cewa su ke yi makaranta su ke riƙe da ita, gasa hanya ce kurum. Iyakar shekarun ɗan ƙungiya 21 ne. In bazarar ƙasarsu ta yi, daga Yuni zuwa Agusta, yara 128 a dā, daga baya har 150 da ɗoriya, su shiga manyan motoci su yi ta kewaya ƙasa, tafiyar mil 10,000 ko fiye. Da dare a ke tafiya, a sauka a wata makaranta a shimfiɗa a daɓen ɗakin wasanni, gari ya waye a fita rana a yi ta maimaitawa, da maraice a yi wasan minti 11, a ɗaure kaya a ƙara gaba. Kowa yana da aikinsa bayan kiɗa. Wani lodin mota, wani jan layi a fili, wani sharar makarantar da aka sauka, don ƙa'ida ce a bar wuri da tsabta.

Filin da su ke wasa a kai filin ƙwallon Amurka ne, tsawonsa yadi 100, an ja masa layi kowane yadi 5. Ƙa'idar taku ita ce taku 8 daga layi zuwa layi. 'Yan aji huɗu su ɗauki allo su yi lissafi: yadi 5 inci 180 ke nan, in an raba gida 8, kowane taku inci 22 da rabi. Dogon yaro ya rage, gajere ya ƙara, har ƙafar kowa ta haddace wannan awo, ko gaba ya ke tafiya ko da baya. Kowane yaro yana da ɗan littafi rataye a jikinsa, ya rubuta inda zai tsaya a kowace gaɓa ta wasa, taku kaza daga layi kaza, wuraren kuwa sukan wuce 100. Su Cadets har an san su da wata al'ada tasu, da ƙafar dama su ke fara taku, alhali galibin sauran da hagu su ke farawa.

Akwai wani darasi da ya fi wannan zurfi, shi ne na sauti. Sauti ba ya isa wuri nan take. Wanda ya taɓa hango mai faskare daga nesa, ya ga gatari ya sauka tukuna ya ji ƙararsa, ya riga ya san wannan. Cikin daƙiƙa guda sauti yakan ci yadi wajen 375, watau daga wannan ƙarshen fili zuwa wancan yana bukatar fiye da rubu'in daƙiƙa. In kuwa ana taku 180 cikin minti, yadda a kan yi a wurare masu sauri, taku guda sulusin daƙiƙa ne. Ke nan yaron da ke wannan ƙarshe, in ya bi busar ɗan'uwansa na wancan ƙarshe da kunne, ya makara kusan taku guda, 'yan kallo kuwa su ji abu ya cakuɗe. Maganin abin shi ne, na baya su kafa ido ga hannun madugu, wanda ke tsaye bisa dakali a gaban fili, su busa bisa ga abin da ido ya gani ko da kunne yana ce musu sun yi gaggawa. Na gaba kuma su saurari na baya.

Ku tsaya ku auna wannan. Wata uku cur, sa'a goma ko fiye kowace rana, ana koya wa yaro ya ƙaryata kunnensa ya gaskata hannun wani. In ba haka ba kiɗan mutum 150 ba ya zama ɗaya. Horo ne mai kyau, mun kuwa yarda yana fid da mutane masu haƙuri, masu cika lokaci, waɗanda ba su raina gyara. Da yawa cikin waɗanda suka bi ta wannan hanya sun zama malaman kiɗa a makarantun ƙasarsu. Amma kaya ne mai nauyi bisa wuyan manya, gama yaron da ya saba da haka cikin fili ba zai yi saurin cewa a'a a bayan fili ba, balle yana mil dubu daga gidan ubansa, kuma wanda zai ce wa a'a ɗin shi ke da ikon cire shi daga sahu.

Ku lura kuma da yadda sunan ƙungiyar ya yi ta sakewa. Da fari sunan coci ta ke ɗauke da shi, sa'an nan sunan gari. Cikin 1989 ta bar Garfield ta ɗauki sunan gundumar Bergen. Cikin 2003 ta ƙaura zuwa Allentown cikin jihar Fensilbaniya, ta zama Cadets kurum, ba sunan wuri ko kaɗan, tana ƙarƙashin wata babbar hukuma mai suna Youth Education in the Arts, watau ilmantar da matasa ta hanyar fasaha, wadda kuma ke shirya gasar badujalar makarantu. Yaran ma sun sake. Dā yaron unguwa ne a ke miƙa wa begila bai san kome ba, a koya masa. Daga baya sai an yi jarrabawa, masu zuwa kuwa galibi ɗaliban kiɗa ne na manyan makarantu, daga kowace kusurwa ta Amurka, har daga Japan da Turai, kuma kowa sai ya biya dubban daloli kuɗin bazara guda. Kiɗa ya ƙara kyau ƙwarai, ba mai musun wannan. Sai dai ɗan ma'aikacin masaƙa, wanda dominsa aka fara abin, da wuya ya sami ƙofar shiga. Ba Cadets kaɗai wannan ya sama ba. Ƙananan ƙungiyoyin unguwa, waɗanda a ke ƙirgawa da ɗaruruwa cikin shekarun 1960, suka yi ta mutuwa sabo da tsada, har zuwa 2023 ƙungiyoyin yara masu shiga gasar DCI ba su kai 50 ba.

Duk cikin shekarun nasarar nan mutum ɗaya ke riƙe da ragama, George Hopkins, wanda ya zama shugaba tun farkon shekarun 1980, daga baya ya haɗa da shugabancin babbar hukumar. Ran 5 ga Afrilu 2018 jaridar Philadelphia Inquirer ta buga maganar mata 9, waɗansu tsofaffin 'yan ƙungiya, waɗansu ma'aikatanta, suna zarginsa da cin zarafinsu ta hanyar lalata, abin da suka ce ya faru cikin tsawon shekara 30 da wani abu. Ya musanta, amma ya sauka daga muƙaminsa. Jama'a suka juya kan 'yan hukumar da ya kamata su tsare shi, ba a yi kwana goma ba su ma duk suka sauka. Cikin 2020 ya tsaya gaban kotu bai yi gardamar tuhuma guda ba, aka yi masa ɗaurin talala.

Kada wani ya ce barin gida kaɗai ya jawo wannan, gama waɗansu daga cikin abubuwan da aka faɗa sun faru tun ƙungiya tana Garfield. Abin da muka gani shi ne, an yi alƙalai masu ƙirga ushirin maki a kan takalmin yaro, ba a yi mai ƙirga wa shugaba kome ba muddin yana kawo kambi. Bayan wannan tonon asiri ne DCI ta tsananta dokokinta na binciken halin malamai da na hanyar da yaro zai kai ƙara.

Yaran 2018 dai sun fita sun yi wasansu har ƙarshen bazara, ƙarƙashin sababbin shugabanni. Cikin 2020 ƙungiya ta rabu da babbar hukumar ta koma tsayuwa da ƙafarta, amma a shekarar nan annobar korona ta hana gasa gaba ɗaya. Cikin 2023 ta sake ƙaura, zuwa garin Erie. A watan Agusta na shekarar ta shiga daren ƙarshe a Indiyanafolis ta zo ta 5. Akwai wata al'ada a wannan fage, waɗanda shekarunsu suka cika sukan tuɓe takalmansu su bar su a fili ran rabuwa. Su kuwa ƙananan suka koma gida da niyyar komowa baɗi.

Cikin Oktoba shugabanni suka ba da sanarwa cewa kuɗi ba su isa a fita cikin 2024 ba. Ga kuma wata ƙara a kotu, wadda wata tsohuwar 'yar ƙungiya ta shigar bisa abin da ta ce an yi mata a farkon shekarun 1980, kuɗin shari'a suna ta ci. Yaran da suka yi niyyar komowa suka watsu neman wuri cikin waɗansu ƙungiyoyi. A watan Afrilu 2024, shekarar da za ta cika 90, Cadets ta kai takarda kotu ta ce ta karye, aka rufe ta.